Baƙi na tafe, akuya na gab da haihuwa, ga harawa a gona: wanne zan sa a gaba?

Mai 'Yar Gona:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka riga ni shiga harkar nan.

Ina da 'yar gona a bayan gida, ba ta cika eka 2 ba. Ba sana'ata ba ce, aikin ofis nake yi. Gonar ta yamma ce da ƙarshen mako, a nan nake sauke gajiya. Awaki huɗu ne da bunsuru, da rago ɗaya da na raina tun yana shan nono, kaji da ba su kai 30 ba, 'yan zabi, sai zomaye biyu da ɗiyata ta matsa lamba aka sayo mata, yanzu kuma ni ne mai yankar musu ciyawa. Gefe guda na shuka wake da masara, ɗaya gefen lambu ne.

Tun farkon damina na ɗaura niyyar gama aiki uku kafin ruwa ya ɗauke. Akwai sabon shingen awaki, domin tsohon gara ta cinye dirkokinsa, in ka jingina da shi tare za ku tafi. Akwai rumfar ajiye harawa, na gaji da ɗora ta a kan ɗakin kaji rana da raɓa suna cin rabonsu kafin awaki. Sai tankin tara ruwan sama daga rufin kwanon ɗakin awakin.

To ga inda gizo ke saƙar. Yayana ya kira ya ce zai kawo iyalinsa su yi mako 2 a wurina cikin hutun makaranta, shi da matarsa da yara huɗu, babban shekararsa 14, autar 3. Da ƙanwarmu ta ji ta ce ita ma ba za a bar ta ba, ga ta da ciki wata 6. Mahaifiyarmu kuwa ba a ma tambayarta, inda jikoki suka taru can take. Wallahi na yi murna, mun jima ba mu kwana a gida ɗaya ba. Sai da na buɗe littafin da nake rubuta al'amuran dabbobi na ga babbar akuyata, Ja nake ce mata, kwana 150 daga ranar barbararta ya faɗo tsakiyar zamansu. Wata kaza kuma ta kwanta kan ƙwai, ita ma a kwanakin za ta ƙyanƙyashe. Waken ma lokacin zai isa tsinka.

Yaya ya ce kada in damu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi da yaransa za su kafa mini shingen kafin in ƙifta ido. Na san Yaya. Zuciyarsa fes take, amma rabonsa da riƙe diga tun muna yara, kuma mutum ne da in ya tsaya a kan aiki sai fasalin aikin ya canza a hannunsa, ko ana so ko ba a so. Ba kuma zan iya ce masa ya koma inuwa ya zauna ba, yaya ne.

Mai ɗakina na ganin in ajiye komai sai sun tafi, ta ce zumunci suka zo yi ba ƙwadago ba. Ni kuma ina kallon sama, hadari ya fara ja da baya. Shin in ɗage ayyukan duka, ko in sa baƙin a ciki? In zan sa su, wanne ya dace da yaran da ba su taɓa kama akuya ba?

Gwaggon Yara:

Wa alaikumus salam Malam. Ajiye maganar shinge tukuna, ni ƙanwarka ce ta tsaya mini a rai.

Mai ciki ba ta kusantar akuya ko tunkiya mai haihuwa, ko wadda ta haihu kwanan nan. Akwai ƙwayoyin cuta da ke sa dabbobin nan ɓari, suna fita a ruwan haihuwa da mabiyiya, kuma wasu daga cikinsu suna kama mutum su taɓa abin da ke cikin mace. Abin tsoron shi ne akuya na iya haihuwa lafiya lau, tana tsaye tana cin abincinta, alhali tana ɗauke da su. Saboda haka ba ta shiga ɗakin, ba ta ɗaukar ɗan akuyar komai kyansa, ba ta kuma wanke tufafin da ka yi aikin da su. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa, sai ka ga mace ta ga kaya a jibge ta ce bari ta taya matar gida wanki. Kai da kanka ka sa safar hannu, ka binne mabiyiyar da shimfiɗar da ta jiƙe da zurfi ko ka ƙona su, ka tuɓe kayan a waje ka wanke su daban. In akwai kyanwa a gonar, inda take kashi ma ba wurin ƙanwarka ba ne. Ka gaya mata duk wannan a waya tun kafin ta taso, don kada ta zo ta ga kowa na rububin ɗan akuya ita kaɗai aka hana, ta ji wani iri.

Sai autar Yayanka. 'Yan tsaki na iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela, mai sa mutum zawo da zazzaɓi, a jikinsu da kashinsu ko da lafiyarsu ƙalau, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa yaron da bai kai shekara 5 ba kada a ba shi su ya riƙe. Yarinya 'yar shekara 3 in ta damƙi ɗan tsako, ko ta matse shi don ƙauna ko ta kai shi baki, ba na uku. Ta kalla daga hannun uwarta. Manyan su riƙe, amma ruwa da sabulu su zauna a bakin ƙofar gonar, duk wanda ya fito ya wanke hannu, har Yaya.

Kuma ka zagaya gonar ka duba duk inda ruwa ke tsayawa: duro, bokiti, kwatamin shan ruwan dabbobi. Ƙaramin yaro in ya leƙa bokiti kansa ne ke rinjayarsa, ya faɗa da ka ya kasa fitowa, kuma ba wanda zai ji ƙara. Ka rufe na rufewa, ka kife na kifewa.

Amma fa kada tsoro ya sa ka mai da gonar wurin "kar ka taɓa". Yara aiki suke so, aikin gaske wanda in ba a yi ba za a gane. Jikata in ta zo, ita ce mai ɗibar ƙwai da safe. Na ba ta fensir, tana rubuta kwanan wata a jikin kowane ƙwai kafin ta jera shi, harshe a waje saboda taka-tsantsan, kuma ba wanda ya isa ya taɓa mata kwandon. Ni na amfana, don na san wanne ya riga wanne, ita kuma ta samu abin da take tashi dominsa ba tare da an tashe ta ba. Ka ba kowane yaro abu guda da yake nasa shi kaɗai: wannan zomaye, wannan ban ruwan lambu. In ka ce "ku je ku taimaka" ba ka raba ba, faɗa za a yi.

Tsohon Makiyayi:

Ɗana, ayyukanka uku ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai mai rana, akwai mai jiranka.

Harawa ita ce mai rana, ba ta san kana da baƙi ba. Da ka tsinke wake ka yanke ganyen yana da sauran kore, domin amfaninta a ganyen yake. In ka yi sanya ganyen ya zube, kara kawai za ka ɗaure wa awakinka. In kuma ruwa ya doke ta bayan yanka, ta yi baƙi ta yi funfuna, dabba mai ciki ko mai shayarwa ba a ba ta irin wannan. Kafin ka ɗaure dami, ɗebi cikin hannu ka murɗa. In karan ya karye ƙas, ta bushe. In ya lanƙwashe ya bar maka sanyi a tafin hannu, da saura. Bayan an jera ta, ka riƙa cusa hannu cikin tarin. Ɗanyar harawa tana ɗumi daga ciki, kuma babban tari yana iya kamawa da wuta shi kaɗai ba wanda ya ƙyasta ashana.

Ke nan rumfa ce ta farko, kuma kafin baƙi su iso. Ka kira kafinta ku gama. Kwano da tsani da ƙusa ba aikin da ake yi yara na zagaye ba ne, bakin kwano yana yanka fiye da yadda ake zato. Ka ɗaga ƙasan rumfar da katako don kada damin ya taɓa ƙasa, ka bar gefe a buɗe iska ta ratsa.

Shinge shi ne na Yayanka, kuma yanzu ne lokacinsa, tun ƙasa na da laushi. In rani ya shigo diga sai ta riƙa dawo maka. Ga dabarar. Kafin ya zo ka ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, ka kafa ɗan turke a inda kowane rami zai zauna, tazarar mita 2 zuwa 3. Ka yanke sanda daidai zurfin da kake so, ka ba yaron nan ɗan shekara 14, duk ramin da sandar ba ta shige ba ba a gama shi ba. Kashi ɗaya cikin uku na dirka a ƙasa yake zama: in tsawonta mita 1.8 ne, santimita 60 a rami, mita 1.2 a sama, kuma ga akuya kada ka yi ƙasa da haka. In Yaya ya zo ya tarar igiya a ja, turaku a kafe, ba abin da zai canza. Sai ka ce masa shi ne mai duba miƙewar layi, dirka ba ta tsayawa sai ya kanne ido ɗaya ya ce ta yi. Ka ga girmansa bai faɗi ba, bayansa ma bai yi ciwo ba.

Dirkokin kusurwa su ake fara kafawa, a tokare su sosai, don su ke ɗaukar jan waya. Ragar wayar a ɗaura ta ta ciki, gefen da awakin suke, saboda in sun goga jiki su tura ta kan dirka, ba su ɓalle ta daga ƙusa ba. Idon ragar kada ya wuce santimita 10. In ya fi haka, akuya mai ƙaho za ta cusa kai ta kasa fitarwa, ka same ta a rana tana haki. Tunda gara ta taɓa ci, in da hali ka sa dirkokin ƙarfe ko na siminti. In itace ne ka babbake gindin, yana jinkirta ta amma ba ya hana ta. Ramin da aka haƙa a sa masa dirka ran nan, kada ya kwana a buɗe ruwa ya cika shi ga ƙaramar yarinya a gida. Tsohon shingen kuma kada a taɓa shi sai sabon ya tsaya.

Ragonka ka ɗaure shi nesa. Wanda aka raina da hannu ya fi na garke haɗari, don ba ya tsoron mutum. Yara kuma abin da suka fi so shi ne tura masa goshi su ga ya ja baya, ba su san koya masa tunkuyi suke ba.

Ɗakin hatsi ka sa masa kwaɗo. Na ga akuyar wani maƙwabcina da yaran baƙi suka ji tausayinta suka zuba mata masara cike da kwano. Washegari ciki ya kumbura, ga zawo, ta ƙi tashi tana ta cizon haƙora. Tumbin akuya bai saba da tsaba da yawa lokaci guda ba, sai ta yi tsami a ciki ta zama guba. Da ƙyar likitan dabbobi ya ceto ta. Ka auna rabon yini a gwangwani ka ba yaro ɗaya, in ya ƙare ya ƙare.

Tanki kuwa sai rani, ba inda za shi.

Ɗan Lambu:

Allah ya ƙara girma Baba, duk na bi ka amma a tanki kam na saɓa. In aka bar shi sai rani, a bushe zai zauna har wata damina.

Malam, lissafin ba wuya. Ruwan sama milimita 1 a kan rufi murabba'in mita 1 lita 1 ne. A ce rufin ɗakin awakinka mita 6 ne a mita 4, murabba'in mita 24 ke nan. Ruwa ɗaya mai kyau na milimita 25 zai ba ka lita 600, ka cire ɗan abin da zai fantsala. Duro uku ke nan na lita 200. Ruwa biyu ko uku na ƙarshen damina sun isa su cika tankin lita 1,000, wanda zai riƙe maka dashen lambu a farkon rani.

Abin da ke cin lokaci shi ne mazaunin tankin, don lita 1,000 tan guda ce cur, in ƙasan bai daidaita ba ko ya lotsa tankin zai tsage. Wannan na yarda a bari sai baƙi sun tafi. Amma indararo aikin yini ne, tunda ga kafinta zai zo yin rumfa sai ya haɗa. Ya ɗan karkata shi zuwa inda ruwan zai sauka, ka jera duro masu murfi, ka sa raga a baki saboda ganye da sauro. Ruwan farko da ya wanko ƙura da kashin tsuntsaye a bar shi ya zube.

Babban yaron kuma ka ba shi gwangwani mai miƙaƙƙen gefe da rula ya ajiye a fili, in an yi ruwa ya auna zurfinsa ya lissafa lita nawa ya kamata a samu, sannan ya je ya leƙa duron ya ga ko lissafinsa ya yi daidai. Irin shekarun nan in ba ka ba su abin da zai ci musu kai ba, waya za su kwana dannawa.

Wani abu: in akwai mai kiwon kaji a cikin baƙin, kada ya shiga akurkinka da takalmin da ya zo da shi. Cutar Niyukasil, mai kashe kaji, tana iya yawo a takalmi da tufafi. In kajinka ba su samu rigakafi ba, ka yi musu tun yanzu.

Mai 'Yar Gona:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gwaggo, na kira ƙanwar tawa. Da fari ta yi shiru, don ashe ɗan akuyar ne ma babban abin da ya ɗauko ta, amma ta ce za ta tambayi ma'aikaciyar da ke mata awo, ta kuwa dawo ta ce maganarki ce aka maimaita mata. Matsalar yanzu mahaifiyarmu ce. Ta ce su da suka haife mu awaki na kai da kawo a tsakar gida me ya same su. Ban amsa ba, ban san ta inda zan ɓullo mata ba.

Baba, kafinta zai zo ya yi rumfar, zan sa ya haɗa da indararon kamar yadda Ɗan Lambu ya ce, tankin ya jira. Na auna rufin, ya ɗan fi abin da Ɗan Lambu ya ƙiyasta. Igiyar shinge na ja ta jiya da yamma, sandar awon rami ma na yanke. Maganar mai duba layi ta sa mai ɗakina dariya har da hawaye, ta ce kamar ka san Yaya. Mun yi yarjejeniya da ita: aiki da safe kawai, da rana ta ɗaga a ajiye diga, sauran yinin na hira ne. In shingen bai ƙare ba na ƙarasa bayan sun tafi, tunda tsohon na nan.

Saura abu ɗaya. Yaran sun ji labarin Ja, sun ce ko da tsakar dare ne a tashe su. In bar su su kalla?

Tsohon Makiyayi:

Manyan biyu, daga bayan shinge, baki a rufe. Akuya in ta ji hayaniya tana riƙe naƙuda. Ka ware mata wurinta tun kafin su iso don ta saba da shi, da busasshiyar shimfiɗa. Kwana 150 ɗin nan kuma ba alƙawari ba ne, tana iya riga shi ko ta wuce shi da 'yan kwanaki, don haka jikinta za ka duba ba littafi ba. Hantsa za ta cika ta yi tauri, jijiyoyin da ke gefen gindin wutsiya su saki har yatsunka su kusa haɗuwa a wurin, ta ware kanta tana tonon ƙasa da ƙafa tana waiwayen cikinta.

In komai daidai ne, kofato biyu na gaba za ka fara gani da hanci a kansu. In ta yi kamar minti 30 tana nishi da ƙarfi ba abin da ya ƙaru, ka kori yaran ka kira likitan dabbobi, lambarsa ta kasance a wayarka tun yau. In ya faɗo ka share masa hanci da baki, ka bar uwar ta lashe shi, ka tsoma cibiyar a aidin, ka tabbata ya sha dakashi a sa'a ta farko ko ta biyu. Yara kada su ɗauke shi ran nan.

Kazar ka ƙyale ta, kwana 21 ne, ta san aikinta. Ka dai hana su ɗaga ta suna leƙen ƙwan.

Gwaggon Yara:

Hajiya kuwa kada ka yi musu da ita, ba za ka ci ba. Ka ce mata kana neman alfarma, ran da Ja za ta haihu ba ka da wanda za ka amince wa ya riƙe maka autar da mai cikin a cikin gida sai ita. Za ka ga yadda ake tsaron ƙofa.